Hajiyarmu ta fara mantuwa, Yaya ya kulle kicin, dan Allah ku ba ni shawara

Autar Hajiya:
Assalamu alaikum 'yan gidan nan. Dan Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutun, tun jiya nake rubutawa ina gogewa. Maganar Hajiyarmu ce, shekarunta sun ɗan haura 70, mu takwas ta haifa ni ce auta, kuma duk wanda ya san gidanmu a cikin birnin Zariya da tuwon Hajiya ya san shi, miyar kukarta har maƙota aiko yara suke da kwano a sammusu. To yau kusan shekara biyu kenan muka fara ganin canji, da farko irin mantuwar kowa ce, ta yi ta neman carbi alhali yana wuyanta, ta kira ni da sunan yayata, duk muka ce girma ne. Sai abin ya shiga kicin. Ta sa gishiri a miya sau biyu wani lokacin sau uku, ran nan sikari ta zuba a miyar kuɓewa, ta ɗora ruwan tuwo ta shige ɗaki ta zauna har tukunyar ta ƙone ƙurmus. Wanda ya tada mana hankali shi ne na ranar Laraba, ta murɗa gas bata ƙyasta ashana ba ta fito tsakar gida ta zauna tana tsintar wake abinta, Allah ne ya kawo matar yayana ta ji wari tun daga soro. Yaya yace daga ranar an gama, ya siyo kwaɗo ya garƙame ƙofar kicin ɗinta, yanzu daga sashensu ake kawo mata abinci.

Wallahi tunda aka sa kwaɗon nan Hajiya bata ƙara cin abincin kirki ba, loma biyu ta ture. Da la'asar ta yi sai ta je bakin ƙofar ta kama kwaɗon tana jijjigawa tana cewa Malam ya kusa dawowa daga masallaci bata ɗora tuwo ba, Malam kuwa Babanmu ne, shekararsa 9 da rasuwa. Jiya ta kalle ni tace ke yarinya waye ya kore ni daga gidana. Ban iya ce mata komai ba na shige banɗaki na yi kukana na wanke fuska na fito.

Ni dai tambayata, a buɗe mata ko a bari a kulle? Sannan akwai abin da yake ci na a rai wanda nake jin kunyar faɗa a gida kar ace ana maganar lafiya ina maganar miya, mu mata huɗu babu wadda ta iya miyar nan kamar yadda take yi, da in ka tambaye ta sai tace ki zuba daidai mana, yanzu kuma in na tambaya sai ta yi shiru tana kallona. Ji nake kamar ina kallo abin yana tafiya.

Maman Biyu:
Wa'alaikumus salam. Innalillahi, wlh kin sa ni hawaye, Allah ya bata lafiya ya sa kaffara ne. Kuma ki daina jin kunyar maganar miyar nan, duk wanda ya rasa uwa ya san me kike faɗa, ni shekara 6 da rasuwar tamu har yau ban ƙara cin dambun zogale ya yi min daɗi ba.

Hajiyar Fagge:
Ƙanwata kun gwada ruƙiyya kuwa? Ni fa wannan tashin da kika ce da la'asar zuwa magariba yake motsa mata shi ya tsaya min, lokacin fitowar mutanen ɓoye ne. Mace da hankalinta da karatunta haka kawai ta riƙa kiran mamaci, a bincika dai, duniyar nan ba a rasa masu hassada.

Anti Nas:
Auta sannu, Allah ya ba ku ladan jinya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, zan faɗi abin da na sani amma sai kun haɗa da ganin likita. Mantuwar da take ƙaruwa a hankali har ta taɓa aikin da mutum ya shekara 50 yana yi da hannunsa, ita ce muke cewa gigin tsufa ko ruɗewa, a asibiti kuma cutar mantuwa, dimenshiya. Ciwo ne a ƙwaƙwalwa, tsufa kaɗai baya kawo haka, ga tsofaffi nan 'yan shekara 90 da hankalinsu tas suna ba ka labarin zamanin En'e. Hukumar Lafiya ta Duniya tace sama da mutum miliyan 55 ne ke da ita, kuma fiye da rabinsu a ƙasashe masu tasowa suke, mu dai bama kai wa asibiti ne sai mu ce girma ne. Kashi 60 zuwa 70 cikin 100 nau'in da ake kira Alzheimer ne, sunan likitan Jamus ɗin da ya fara bayaninta a 1906. Akwai kuma nau'in da hawan jini da ciwon suga ke jawowa, ƙananan hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa su riƙa toshewa kaɗan kaɗan, wani lokacin bayan shanyewar ɓarin jiki, shi ya sa farkon abin da zan tambaye ki, yaushe rabon da a auna jininta?

Dalilin da yasa nake matsa wa mutane su je asibiti, akwai abubuwan da suke kama da wannan ciwon kuma suna warkewa. Ƙarancin sinadarin B12 a jiki, musamman ga wanda ya daɗe yana shan metformin na suga, matsalar ƙwayar maƙogwaro mai kawo maƙoƙo, ciwon damuwa, yawan shan maganin barci, har ciwon sanyi na mafitsara yana ruɗa tsoho cikin kwana ɗaya biyu. Wasu gwajin jini da fitsari ne zai nuna su, wasu kuma sai likita ya bincika. In kuma ita ce ɗin, gaskiya ba a samu maganin da yake warkar da ita ba, akwai irin su donepezil da memantine da suke ɗan taimakawa na wani lokaci, amma dan Allah kar wanda ya je kemis ya siyo, likita ne zai duba ya ga ko ya dace da ita. Kuna kusa da asibitin koyarwa na Shika ai, ko ku je asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna.

Hajiyar Fagge ranki ya daɗe, ruɗewar yamma ɗin nan sananniya ce a ciwon, har a ƙasashen da basu san zancen magariba irin namu ba haka masu ciwon suke yi, gajiyar yini ce da raguwar haske suke ƙara rikita su. A yi addu'a a yi tofi, babu mai hanawa, amma kar a kai ta inda za a riƙa banka mata hayaƙi ana mata tsawa ana cewa fita, tsoro kawai za a ƙara mata.

Autar Hajiya:
Anti Nas na gode sosai. Tana da hawan jini tun kafin rasuwar Baba amma gsky ita ke riƙe da maganinta a ƙarƙashin filo, yanzu da kika faɗa ne ma gabana ya faɗi, ban san ko tana sha ko tana maimaitawa ba. Barnawa kuwa na san Yaya ko sama da ƙasa zasu haɗe ba zai yarda ba, zai ce so muke a ce uwarmu ta haukace.

Anti Nas:
To ku karɓe maganin yau yau ɗin nan, mutum ɗaya ya riƙa bata da hannunsa. Wanda ya sa gishiri sau uku zai iya shan ƙwaya sau uku. Ku fara da Shika ɗin, ku ce masa awon hawan jini za a je, kuma ai ba ƙarya kuka yi ba.

Ɗiyar Sakkwato:
Don Allah ku sanar da maƙwabta da mai unguwa halin da take ciki, ku bar ɓoyo. Nan garinmu anka yi haka, wata tsohuwa ta hito da dare ta ɓace hanya ta faɗa wani gida tana buɗe tukwane wai tana neman tuwon ɗiyanta, yara sunka taru suna ihu mayya mayya har da jifa, ba don limamin unguwa ya gane ta ba da sun illata baiwar Allah. Tun sannan duk tsohuwar da anka ce min mayya ce sai in tuna da ita. Ku rubuta lambar waya ku ɗinke mata a gefen hijabi.

Baban Yara:
Ku yi haƙuri na shigo maganar mata, amma naga kamar za a mayar da yayan nan mugu. Ni da nine shima kwaɗon zan sa. Gas ba abin wasa bane, da wani yaro ya shigo ya kunna wuta a lokacin da yanzu ba wannan zancen ake ba, gida guda ne zai tashi har da maƙota. Gara ta yi fushi tana raye. Miya kuma ai miya ce, a dafa mata wata.

Maman Biyu:
Baban Yara miya ba miya bace wlh. Kai da za a wayi gari a kulle maka shagonka da ka shekara 40 kana buɗewa, a ce zauna ga abinci za a kawo maka, kuma kullum ka manta dalilin da yasa aka kulle sai dai ka tarar da kwaɗo, ya zaka ji? Matar nan tun tana 'yar shekara goma sha take tuƙa tuwo, da shi ta san safiya da shi ta san yamma.

Baban Yara:
Na ji wannan, kuma ya shige ni. Amma dai gas ɗin kam a raba ta da shi. In ma za a buɗe kicin to a cire silindar gaba ɗaya a kai sashen yayan, da ashana da kalanzir da wuƙaƙe masu kaifi.

Anti Nas:
A nan ina bayan Baban Yara. Wani abin da mutane basu sani ba, jin ƙamshi da wari yana daga cikin abin da yake fara raguwa a ciwon nan, wato zai yiwu tana zaune kusa da gas ɗin bata ji komai ba. Ɗanɗano ma haka, shi yasa take ƙara gishiri, a bakinta lami take jin miyar, kuma zaki ga sun koma son zaƙi. Amma Maman Biyu ma tana da gaskiya, don ƙwaƙwalwa ba waje ɗaya take ajiya ba. Abin da ya faru ɗazu shi ke fara ɓacewa, na da can yana daɗewa, abin da hannu ya saba kuwa irin tuƙi da daka da tankaɗe da ƙulla zane, shi ne kusan na ƙarshen tafiya. Zata kasa gaya miki me ake sawa a miya amma ki miƙa mata maburgi ki ga ikon Allah.

'Yar Damagaram:
Salamu alaikum, ina karantawa tun ɗazu, bari in ba ku namu. Kakata ce ta yi wannan ciwo shekara biyar a hannunmu kafin Allah ya karɓi abinsa. Mu ma da farko hana ta komai muka yi, zauna Inna, bari Inna, kawo Inna, sai ta koma kamar hoto, ta bar magana ta bar ci. Wata ƙanwar mahaifina da ta zo daga ƙauye ita ta yi mana faɗa tace kun kashe ta tun bata mutu ba. Ta ɗauko faifai ta zuba gero ta ajiye mata a cinya bata ce komai ba, wallahi hannun Inna da kansa ya fara bakace, tana yi tana hure dusa, can sai muka ji tana 'yar waƙar daka ƙasa ƙasa wadda ni ban taɓa ji ba. Daga ranar kullum da aikinta, tsinke zogale, ɓarar gyaɗa, gyaran wake, tankaɗen gari, murza kuka a rariya. Wuta kuwa murhun gawayi muke hurawa a tsakar gida a ajiye mata kujera 'yar tsugunno, mutum ɗaya na zaune gefenta kamar mai koyo, ita ke ba da umarni mu muke ɗagawa da saukewa. Lokotoro ma da muka gaya masa yace mu ci gaba.

Gishiri kuma ga dabara, kar ki hana ta sawa don rigima za ku yi, ki auna wanda zai isa miyar ranar ki zuba a robar gishirinta ki ɓoye sauran, ko sau biyar ta sa ba zai wuce wanda kika auna ba. Magi ma haka, kanwa ma haka.

Autar Hajiya:
Allah ya jiƙan Inna ya sa ta huta. Wlh dabarar gishirin nan ko a mafarki bata zo min ba.

Matar Babban Yaya:
Ni dai tunda aka fara kowa Hajiya Hajiya, 'ya'ya 'ya'ya, babu wanda ya tambayi matar yayan nan da ta ji warin gas ya take. Ni irinta ce, shekara huɗu ina riƙe da uwar mijina da wannan lalurar. Ni ke mata wanka ni ke wanke zanin da ta ɓata ni ke tashi ƙarfe biyun dare in ta fara haɗa kaya wai zata tafi gidansu. Amma in bata abinci ta cinye tas in ɗauke kwano, minti goma 'ya'yanta mata su shigo da ledar ayaba ta ce musu rabonta da abinci tun jiya, yarinyar nan yunwa take kashe ni da ita, ta sace min nama a miya ta sace min kuɗi a ƙulli. Su kuma su hau kai su zauna, har taron dangi aka yi a kaina. Sun zo awa biyu ranar Juma'a sun tafi gidajensu sun yi barci. Yanzu kuma ana cewa a hura gawayi a zauna gefenta, waye zai zauna ɗin? Ita dai matar yayan ce zata ƙara da wannan a kan girkin gidanta da yaranta. Auta ki yi haƙuri ba dake nake ba, abin ne ya taru min a wuya.

Hajiyar Fagge:
To ai uwar miji uwa ce, lada kike samu, ba a gori da jinya.

Matar Babban Yaya:
Hajiya ban yi gori ba, kuma ladan ina so. Amma wajibin a kan waɗanda ta haifa yake, ni taimako nake. Sannu kawai nake nema a daina ce min ɓarauniya.

Admin:
Dan Allah a sassauta, kowa da inda yake masa ciwo. A ci gaba da ba da shawara cikin mutunci.

Autar Hajiya:
Anti Matar Babban Yaya wallahi maganarki ta dake ni, don ranar nan Hajiya tace min matar Yaya ta ɗauke mata tukunyar Makka, ban ce komai ba amma na riƙe a raina, daga baya a ƙarƙashin gadonta na gano tukunyar da ɗanwake a ciki har ya yi fumfuna. Ban koma na ba baiwar Allah haƙuri ba don bata san na zarge ta ba. Yau zan kira ta. Zaman gefen murhu kuma ni zan ɗauka, gidana ba nisa, in na taso daga makaranta ƙarfe biyu zan iya kaiwa magariba, sauran yayyena kuma dole a raba kwana.

Anti Nas:
Zargin sata da cewa ba a bani abinci ba duk cikin ciwon ne, ta ajiye ta manta, ƙwaƙwalwa sai ta cike gurbin da wanda ya fi kusa da ita, shi yasa mai jinyar ce kullum ke shan zargi. Kar a yi musu da ita, a ce bari mu nema tare. Abinci kuma a raba shi kaɗan kaɗan sau biyar ko shida maimakon a cika kwano sau uku, in tace bata ci ba a miƙo ɗan kunu ko dabino ko gyaɗa. Ku riƙa bin ƙarƙashin gado da cikin kwalla kuna kwashe abincin da ta ɓoye kar ta ci wanda ya lalace. Ruwa ma sai an miƙa mata, basa tuna ƙishirwa, ga zafin nan.

Uwargidan Malam:
Ni abin da ban gane ba zancen Malam ɗin. In tace zata yi masa tuwo sai a biye mata? Ai gara a gaya mata gaskiya cewa ya rasu ta yi masa addu'a, ƙarya dai haramun ce ko ga yaro.

Autar Hajiya:
Mun gwada Anti. Yaya ya zaunar da ita yace Hajiya Malam fa ya rasu shekara tara, wallahi ta ɗora hannu a ka ta fasa kuka kamar yanzu aka shigo da gawar, tana cewa shine ba wanda ya gaya min, ta kwana bata runtsa ba. Washegari da la'asar ta sake tambaya ko ya dawo daga masallaci. Sau uku muna mata haka, ni dai na ce bazan ƙara ba, mutuwa ɗaya muna sa ta karɓi gaisuwarta kullum.

Malama Mai Islamiyya:
Bismillah. Da farko wannan hali Alƙur'ani ya ambace shi ƙarara, a Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5, cewa a cikinku akwai wanda ake mayar da shi zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan da ya sani, kuma Annabi SAW yana neman tsari daga wannan a addu'arsa kamar yadda ya zo a Bukhari. To ba sai mun tafi neman wanda ya yi mata asiri ba. Ayar Isra'i kuma da ta hana mu ce musu uf, ku duba da kyau, lokacin tsufansu a wurinka ta ambata, wato daidai lokacin da za a tambaye ka abu ɗaya sau ashirin.

Uwargidan Malam 'yar'uwa, ba sai an yi ƙarya ba kuma ba sai an fasa mata zuciya kullum ba, akwai hanya a tsakiya. In tace tuwon Malam, a bata akushinsa ta zuba da hannunta ta rufe da faifai yadda ta saba, a ce mata za a kai masa, sai a fita da shi a ba almajiri ko wani mabuƙaci da niyyar sadaka ga Malam ɗin. Sadaka tana isa ga mamaci, hadisin mutumin da ya tambaya ko zai yi wa mahaifiyarsa da ta rasu sadaka aka ce masa eh yana cikin Bukhari da Muslim. Kin ga an kai masa ɗin da gaske. In ta tambaya yana ina, ki ce Hajiya ba ni labarin ranar da aka kawo ki gidan nan, ko wace miya ya fi so, zata bi zancen.

Sallah kuma ku riƙa tayar da ita tare da ku tana bin ku, in ta yi raka'a shida ko ta maimaita la'asar kar a tsawata mata. Wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami. Azumi ma kar a tilasta mata, ga magani tana sha, hukuncin ciyarwa kuma ya danganta da ko hankalin yana zuwa yana tafiya ne ko ya tafi gaba ɗaya, wannan ku zauna da malamin da ya san ta ku yi masa bayani.

Uwargidan Malam:
Na gamsu da ta sadakar Malama, Allah ya ƙara ilimi. Amma ni dai bakina ba zai iya cewa yana masallaci ba.

Malama Mai Islamiyya:
Nima ban ce a faɗi haka ba.

'Yar Damagaram:
Auta zancen koyon miyar, kar ki tambaye ta nawa ake sawa, tambaya tana ruɗa su kuma tana sa su jin kunya. Ki jera mata komai a tire, ki jingina waya a gefe tana ɗaukar bidiyo, in ta ɗebo abu da yatsunta ki tara tafin hannunki ki ce kawo in zuba miki Hajiya, sai ki ga yawansa da idonki kafin ya shiga tukunya. Kuma da hantsi za ki yi, lokacin kansu ya fi zama daidai.

Autar Hajiya:
Salam 'yan gidan nan, na dawo da bayani bayan kwana 12. Mun je asibiti, jininta ya hau sosai, ashe maganin ma ta daina sha tana tura shi cikin rigar filo, mun tarar da ƙwayoyi sun fi talatin. An ɗebi jini an ce mu koma da sakamako, an kuma rubuta hoton ƙwaƙwalwa muna haɗa kuɗin. Yaya da kansa ya kai mu, kuma ya cire kwaɗon bayan an fitar da silinda.

Ranar Asabar da hantsi na hura gawayi a tsakar gida na jera kaya a tire kamar yadda 'Yar Damagaram tace, matar Yaya ta riƙe waya. Da farko Hajiya kallon tiren kawai take, gabana yana ta faɗuwa, sai na ɗauki daddawa zan jefa a turmi, kawai naji ta buge min hannu tace ke wa ya koya miki haka. Ta karɓa ta ɗora ƙwayar daddawar a gefen garwashi tana juyawa da yatsa har ta fara ƙamshi, sannan ta sa a turmi da citta da masoro da barkono biyu da ɗan busasshen kifi, tace daka. Shekarata 31 ban taɓa lura tana gasa daddawa ba, kullum sai dai na tarar an daka. Ta sa ɗan dakakken wake ya dahu ya narke a ruwan tukunna, da aka zo kaɗa kuka kuma tace a sauke tukunyar ƙasa, tana barbaɗawa da hagu tana burgawa da dama, ko gudaji ɗaya babu, sannan aka mayar kan wutar da ta kusa mutuwa, na ɗauko murfi tace kar ki rufe min miya ta tsinke. Man shanu daban ta sa aka soya da albasa. Gishirin ta sa sau uku, na robar ya ƙare daidai.

Tuwon ni na tuƙa don ya mata nauyi amma ita ta kwashe da mara, malmalar farko a akushin Baba ta sa ta rufe, ƙaramin ɗan Yaya ya fita da shi ya ba almajiran da ke zaure. Ta cinye malmala guda da kanta harda neman ƙari. Yaya yana ci ya tashi ya fita waje, matarsa tace min kuka ya je yi.

Ba kullum ake samun haka ba, ranar Litinin na sake jera mata ta ce ita bata san gidan da take girki a tsakar gida ba ta shige ɗaki, na bata zogale ta tsinke a can. Har yanzu da la'asar tana tashi neman Malam, kuma jiya bata gane ni ba sai da aka jima.

Matar Babban Yaya:
Kin kira matar yayan naki kuwa?

Autar Hajiya:
Na kira ta Anti, har gida na same ta na faɗa mata zancen tukunyar. Mun raba kwana, ita yanzu Talata da Juma'a hutunta ne ko ɗakin Hajiya ba sai ta leƙa ba. Yayata ta Kaduna ce dai har yanzu take cewa aiki ya mata yawa sai dai ta turo kuɗi.

Maman Biyu:
Auta dan Allah daddawar ta kalwa ce ko ta waken suya? Kuma wake kamar yaya ta sa, ina so na gwada gobe.

Autar Hajiya:
Ta kalwa ce Maman Biyu, ƙwaya biyu, Hajiya bata taɓa yarda da ta waken suya ba. Waken kuma da na tara hannuna bai cika tafi ɗaya ba, a tukunyar mutum goma. Ranar Asabar mai zuwa in ta tashi da sauƙi miyar taushe nake so mu yi, na riga na sa an siyo kabewa da yakuwa.